Babi na Bakwai: Ciwon da Ba Shi da Sarki

Duk wanda ya taɓa sallar Juma'a a babban masallacin New Bell da ke Duwala ya san sahun da ke jiran masallata a waje. Ga makaho da ɗan jagoransa, ga gurgu a kan kekensa, ga tsohuwa da ƙoƙonta. Liman na sallamewa sai hannuwa su shiga aljihu: mai dala biyar ya miƙa, mai dala ashirin ya miƙa, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Baƙo zai ɗauka taron bara ne kawai, alhali abin yana da tushe. Tun a ƙasar Hausa makafi suna da sarkinsu, kutare suna da nasu, guragu ma haka. Sarkin makafi shi ke sauke baƙon makaho, shi ke raba gardama, kuma in mai hali ya fitar da zakka ko hukuma ta kawo tallafi, ta hannunsa ake bi. Hausawa sun tafi da wannan tsari har zangon fatauci, shi ya sa a Sabo ta Ibadan ma aka san sarakunan nan da aikinsu.

Amma tun da nake ban taɓa jin an naɗa sarkin masu taɓin hankali ba. Ba su da sahu a ƙofar masallaci, ba su da mai magana da yawunsu. Wanda ciwon ya fi ƙarfin danginsa yana bakin kasuwa yana tonon bola, yara na binsa da jifa. Wanda nasa ke da sauran ƙarfi kuma yana ɗakin ƙurya, an saki labule, in baƙo ya tambaya a ce ba ya jin daɗi ne. Mutanen ɗakin ƙuryar nan za mu leƙa a wannan babi, mu ga irin jiran da suke yi wa likita da kuma katin hukuma.

Gidan da ke bayan namu

A lungun da na zauna a unguwar Hausawa akwai wata dattijuwa mai ƙosai da kunu, kowa Inna yake ce mata. Ɗanta na biyu tela ne, gwanin aikin wuya, wanda in Sallah ta matso sai ka yi masa magiya kafin ya karɓi yadinka. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai abin ya fara. Barci ya ƙaurace masa. Ya ce ana yi masa magana ta cikin keken ɗinki. Daga baya ya daina cin tuwon gidan, wai an barbaɗa masa wani abu.

Maƙwabta suka ce iska ce. Aka yi tofi, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka kira masu ruƙiyya. Da abin ya ƙi, aka sayar da keken ɗinkin aka kai shi wurin wani malami a Ngaundare. Kada mai karatu ya yi saurin ganin wautarsu. Malam yana kusa, da Hausa zai yi maka magana, zai zauna ya saurare ka, kuma in ba ka da kuɗi yau zai ce ka kawo in Allah ya hore. Asibiti kuwa da Faransanci ake shiga, da kuɗi a hannu, kuma sunan sashen da za a tura ka kaɗai ya isa a yi ta nuna gidanku da baki. Sai da aka fi shekara ana wannan faɗi-tashi kafin wata ma'aikaciyar jinya da ke sayen ƙosai ta ja Inna gefe ta ce a gwada likitan ƙwaƙwalwa.

Aka gwada. Aka yi masa allura, ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun bara. Aka rubuta musu magani, aka ce su dawo bayan wasu watanni. Randebu ke nan, kamar yadda ake faɗa a Duwala. Bayan 'yan makonni ya fara gane mutane, har yana gaishe ni ta katanga.

Wata rana da la'asar Inna ta tare ni.

"Malam, an ce akwai katin da gwamnati ke ba irinsu. Kai da ka yi boko, duba mana."

"Akwai, Inna. Sai dai likita ne zai fara rubuta takarda."

"Ai mun ga likita. Ga takardarsa nan a ɗaki."

"Waccan ta magani ce. Ta katin daban take, sai ya auna ciwon ya faɗi iyakar inda ya kai."

"To, yaushe ke nan?"

"Sai ranar da ya ce ku koma."

Ta yi shiru tana juya matankaɗi a hannu, sannan ta ce, "Ashe layi biyu ne, ƙofa ɗaya."

Na karanta dokokin da suka shafi wannan al'amari, ban sami bayanin da ya kai na Inna ba.

Abin da doka ta tanada

Kamaru ba ta rasa doka ba. Tun ranar 21 ga Yuli, 1983 aka yi dokar kare naƙasassu. Ranar 13 ga Afrilu, 2010 aka maye gurbinta da sabuwa mai lamba 2010/002, wadda ta fi ta faɗi. Wannan doka ta lissafa masu naƙasar jiki, da masu naƙasar ƙwaƙwalwa, da waɗanda suka haɗa fiye da ɗaya. Ke nan a idon doka, telan nan da makahon ƙofar masallaci sahunsu ɗaya. Ta yi alkawarin rangwame ko yafe kuɗin makaranta, da taimakon kuɗin asibiti ga marasa hali, da sassauci a sufuri da haraji, har da alawus ga matalaucin da ba ya iya riƙe kansa kuma yake bukatar kulawar likita a kullum. Sai dai dokar ta zauna shekara 8 tana jiran takardar da za ta fayyace yadda za a yi aiki da ita, wadda Firayim Minista ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuli, 2018. Ita kanta dokar ta ɗanɗani jira.

Mabuɗin duk waɗannan alkawura shi ne katin naƙasa na ƙasa, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a. Ana kai dosiye, wato takardun neman katin, cibiyar jin daɗin jama'a ta gunduma, wadda mutane ke kira santir sosiyal, da hotuna, da shaidar ɗan ƙasa ko takardar haihuwa, da takardar likita ta musamman. A cikin takardar nan likita zai rubuta adadin naƙasar, kuma sai ta kai kashi 50 cikin 100 ake ba da kati. Ya kamata a faɗa wa mutane gaskiya tun da wuri: katin ba albashi ba ne. Da yawa suna zaton da ya fito za a fara kirga musu kuɗi duk wata. Shaida ce kawai da ke ba mutum bakin neman haƙƙinsa, kuma kowane haƙƙi da nasa layin.

Yadda ake auna abin da ido ba ya gani

Wanda ya rasa ƙafa, ko yaro ya dube shi ya san ya rasa. Likita zai duba jadawali ya rubuta adadi, an gama. Ciwon ƙwaƙwalwa kuwa yana da ranakun lafiya da ranakun tashi. Iyali ba sa iya fita da mara lafiya ranar da ciwon ya motsa, don babu ɗan benskin, wato ɗan acaɓa, da zai ɗauke shi, babu mai tasi da zai tsaya. Sai ranar da ya lafa za a yi masa wanka, a sa masa rigar Sallah, a kai shi. Ya zauna a gaban likita tsaf, ya amsa gaisuwa, a tambaye shi jiki ya ce alhamdu lillahi. Tarbiyyar Bahaushe ma ba ta yarda ka zauna gaban baƙo kana lissafa aibin ɗanka ba. Uwa za ta rufa asiri a daidai wurin da ake bukatar ta tona shi. Saboda haka likitan kirki ba ya yanke adadi a zama ɗaya. Yana son ya ga mutum sau da yawa, ya ga yadda magani ya karɓe shi. Wannan daidai ne a ilimin likita, amma kowane zama da watanni a tsakaninsa da na gaba.

Dalilin tazarar ba ɓoyayye ba ne. Duwala birni ne mai mutum sama da miliyan 3, kuma babban wurin da talaka ya sani na wannan ciwo shi ne sashen masu taɓin hankali na asibitin Lakintini da ke Akwa, asibitin da aka kafa tun 1931. A Yawunde kuma asibitin Jamot. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu kuma a waɗannan birane biyu suke. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 a duniya na fama da irin ciwon telan nan, mai sa jin muryoyi da zargin mutane. Mai karatu ya yi lissafin da kansa a kan miliyan 3. Likita ɗaya shi ne mai duba sabon mara lafiya, shi ne mai sabunta magani, shi ne mai kwantar da wanda ya tashi, shi ne kuma mai cike takardar kati. Ba mugunta ke sa ya ce a dawo bayan wata uku ba.

Shari'ar Musulunci ta sauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin salla da azumi har sai ya dawo hayyacinsa. Tsarin takarda bai san wannan rangwame ba. Yana son mutumin da ba ya iya tuna ko ya ci abinci ya tuna ranar randebu, ya adana rasit, ya bi layi tun asuba.

Takarda kafin takarda

Akwai wani tarnaƙi da ya fi damun unguwanni irin namu. New Bell tun asalinta unguwar waɗanda aka tura gefe ce. Jamusawa ne suka ƙwace filayen mutanen Bell da ke bakin kogin Wuri, suka ware musu wuri a baya, da fili a tsakani don raba su da Turawa. A kan wannan rigima aka rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya wurin ya zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo da sauransu. Kakanninmu sun zo da fatauci, wasu ta Adamawa, wasu ta ruwa daga Ikko. Sun yi fawa, sun yi ɗinki, sun yi dillancin shanu da goro, sun gina masallatai. Abin da da yawansu ba su damu da shi ba shi ne rajistar haihuwa. Ungozoma ta karɓi haihuwa a gida, ran suna liman ya raɗa, an yanka rago, magana ta ƙare.

Yau jikan da aka haifa a Duwala, wanda bai taɓa taka Kano ko Maraɗi ba, in ba shi da takardar haihuwa sai ya je kotu a yi masa hukuncin da zai maye gurbinta, da shaidu, da kuɗi. Sai ya same ta zai nemi katin ɗan ƙasa, wanda shi ma shekaru da dama mutane sun yi ta yawo da rasit suna sabunta shi kafin ya fito. Telan Inna yana da takardar haihuwa, amma sunan da ke jiki ya sha bamban da na rasit ɗinsa da harafi biyu, don magatakardan da ya rubuta na farko da kunnen Faransanci ya ji sunan. Haruffan nan biyu sun ci wata huɗu.

Wanda ya yi aikin albashi fa?

Wani zai ce ai akwai asusun inshorar ma'aikata na CNPS. Gaskiya ne, tun dokar 10 ga Nuwamba, 1969 akwai fanshon naƙasa ga ma'aikaci. Sharuɗɗansa su ne: mutum bai kai shekarun ritaya ba, ya rasa kashi biyu cikin uku na ƙarfin neman abincinsa, ya yi aƙalla shekara 5 da rajista, kuma an biya masa gudummawar wata 6 cikin wata 12 da suka gabaci fara ciwon. Ma'aikacin tashar jirgin ruwa ko na masana'antun Basa da Bonaberi zai iya cika su. Amma mahauci, da mai tsire, da tela, da ɗan benskin, da mai kayan koli a Babbar Kasuwa, wa ya yi musu rajista? Tun 2014 an buɗe ƙofar biyan gudummawa na ganin dama ga masu sana'ar kansu, sai dai wanda ke cin na yau a yau ba ya cika tunanin fansho.

Ko ma'aikacin ma, sharaɗin wata 6 ɗin nan yana da ƙaya. Haɗarin mota yana da rana da sa'a. Taɓin hankali kuwa sannu yake shiga. Mutum zai fara makara, ya fara faɗa da abokan aiki, a sallame shi a matsayin malalaci, iyali su shekara wurin malamai. Ranar da likita zai sa wa ciwon suna, babu wata takarda da ke nuna yaushe ya fara. Duk gidan da ke da ma'aikaci ya riƙe wannan: ko ana zuwa wurin malam, a leƙa asibiti tun farko a ajiye takardar ranar.

Abin da jira ke ci

Magungunan wannan ciwo tsofaffi ne, an san su tun shekarun 1950, kuma ba su ne mafi tsada a kantin magani ba. Akwai ƙwayoyi na kullum, akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Sharaɗinsu ɗaya ne, kada a yanke. Tsarin kiwon lafiya na bai ɗaya da aka ƙaddamar a Afrilun 2023 ya fara ne da mata masu ciki, da ƙananan yara, da masu wankin ƙoda, da masu tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki. Mai taɓin hankali daga aljihun danginsa yake sha.

A gidan Inna, aljihun kaskon ƙosai ne. Da damina ta kankama, irin ruwan Agustan Duwala da ke kwana yana zuba har kwatoci su haɗu da ɗakuna, ciniki ya tsaya. Ta fara raba ƙwaya biyu. Daga nan ta koma ba shi yau, gobe a tsallake. Da ta ga yana lafiya sai ta ce ai ya warke, ta bari. Ba a yi wata biyu ba ciwon ya dawo, ya fi na farko. Daren da ya fasa taga ya nufi titi, ƙannensa suka kamo shi, aka ari sarƙa aka ɗaure ƙafarsa a jikin gado. Da safe na shiga na tarar da Inna zaune kusa da shi tana shafa masa man kaɗanya a inda ƙarfen ya goge. Ta ce, "Malam, ni na haife shi, ni na ɗaure shi. In na sake shi mota ta kashe shi, me zan ce wa Allah?"

Turu da mari tsofaffin abubuwa ne a wurinmu, kuma ba mu kaɗai ba. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna. Ana yawan kallon sarƙa a matsayin rashin imani. A gidaje da yawa, sarƙa ita ce abin da ya rage bayan magani ya ƙare.

Jira kuma ba mara lafiya kaɗai yake ci ba. Ƙanwarsa ta bar makaranta don ta zauna da shi in Inna ta fita. Manemin yayarsa ya janye, danginsa sun ce abin a jini yake. Adashin Inna ya mutu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu layi a dosiye da ake rubuta waɗannan.

An taɓa gwada wata hanya

A 1954, a Aro kusa da Abekuta, likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya yi wani abu da duniya ta zo kallo. Maimakon kulle marasa lafiya, ya sama musu masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa karɓar magani suna komawa cikin mutane. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya, don ya san wurinsu jama'a ke fara zuwa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da ma'aikatan jinya da likitocin gama-gari su riƙa gane waɗannan cututtuka suna ba da magani a ƙananan asibitoci. Da asibitin gunduma zai riƙa sabunta magani da yin allurar wata, da layin babban likita ya ragu, ya sami sukunin cike takardun da ke jiransa. Najeriya ma sai a Janairun 2023 ta sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bayan ta daɗe tana aiki da ta zamanin Turawa. Can ma mutanen Kano sun san layin Dawanau, na Sakkwato sun san na Kware.

Wannan aikin hukuma ne, kuma wajibi ne a ci gaba da tuna mata. Amma abin da ya kwance sarƙar telan nan daga cikin lungu ya fito. Teloli abokan sana'arsa suka zauna suka ce duk wata, kafin a kwashe adashi, a cire kuɗin allurarsa. Wani ɗalibi mai jin Faransanci ya ɗauki nauyin rakiya: shi ke riƙe ranar randebu a wayarsa, shi ke bin dosiye, shi ke gaya wa likita abin da kunya ta hana Inna faɗa. Limamin lungun ya ce a ci gaba da addu'a, a kuma ci gaba da magani, don duka biyun neman waraka ne. Cikin 'yan watanni telan ya koma shago, ya fara da sa maɓalli, yanzu yana ɗinki da keken aro.

Katin ya fito daga baya, bayan kusan shekara biyu da fara nema. Inna ta sa shi a leda ta ajiye a ƙasan kwalla tare da takardun haihuwa. Ya yi amfani, don da shi aka nemi rangwame a wasu wurare. Amma da gidan ya zauna jiransa kawai, da jiran gawon shanu aka yi.

Saboda haka kirana ga sarakunan Hausawa na Duwala, da limamai, da shugabannin mahauta da teloli da 'yan kasuwa: tun da wannan ciwo ba shi da sarki, a naɗa masa wakili. Kowane masallacin unguwa ya sami mutum ɗaya mai jin Faransanci, mai riƙon asiri, wanda zai raka iyali asibiti da santir sosiyal. A ware wani abu daga zakka don maganin wata-wata, domin mai wannan ciwo da mai jinyarsa suna cikin mabukatan da aka ce a ba. A yi wa yara rajistar haihuwa tun kafin a ci naman suna. Kai kuma mai karatu, in an sallame Juma'a mai zuwa ka ba na ƙofar masallaci nasu, sannan ka tuna gidan da ke lungunku mai labule a sake. Ka yi sallama, ka tambayi uwar gidan ko maganin wannan wata ya samu.